Sawun Keken Kawu

Ran Juma'ar da ta wuce da hantsi ina zaune a ƙofar shagona a Mahdiya, nan ƙasar Libiya, sai ga wasu samari su biyar a kan kekuna masu ƙatuwar taya, kowa da hular roba kamar an kife masa ƙwarya, sun tsaya sayen ruwa. Ƙafafunsu sun yi fari fat da wata irin ƙura da na sani. Na tambayi ɗayansu daga ina. Ya zaro waya ya nuna mini wani jan layi da ya yi ta lanƙwasa a kan taswira, ya ce ta tsofaffin gonaki suka bi har wani kangon kamfani da ke wajen Tamanhint, sannan suka juyo. Na ce aiki suka samu a can? Suka kwashe da dariya, wai motsa jiki ne. Ikon Allah! Hanyar da muka bi muna neman abin kai wa baka, ita ce yau 'ya'yan masu hali ke bi don su rage tumbi. Na ba su ruwansu suka wuce, amma tun ranar kunnena ke jiyo mini ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, ƙaras-ƙaras, kamar tsohuwa na tauna aya.

A zamanin da nake magana kuɗin mai ya tayar da garin nan tsaye. Duk inda ka waiwaya gini ne ke tashi, tifa na shiga tifa na fita, mai neman lebura ya fi leburan yawa. Mu da muka keto Sahara daga ƙasar Damagaram ba mu zo da komai ba sai ƙarfi. Ƙanin mahaifiyata ne ya taho da ni. Ya riga ni sanin Libiya da shekaru, da ya je ganin gida sai Inna ta kama hannuna a zaure ta sa a nasa, ta ce, "Ga amana nan. In ya karkace ka miƙar da shi, ɗanka ne." Kawu mutum ne dogo, marar yawan magana, mai tari kaɗan-kaɗan da safe. Ɗaki ɗaya muke haya mu bakwai a nan Mahdiya, babbanmu wani dattijo Bakano mai sayar da turare da carbi, wanda kowa ke ce wa Alhaji. Kawu yana aiki a mazra'a, wato gonar wani Balarabe, can bayan gari, ni ma nan ya sama mini wuri.

Keke ɗaya gare mu, baƙi, mai nauyi kamar jaki. Wata biyar cur a kan kariya nake zaune, rungume da burodi da jarkar ruwa wadda aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu, Kawu na tuƙawa. Ana sallame asuba muke fita. Da ka bar gidajen ƙarshe sai tsakuwa ta karɓe ka. Za ka fara wuce filin masu buga bulo, inda injin ke girgiza ƙasa har cikin haƙoranka, sai gidan ƙona farar ƙasa mai hayaƙi mai ɗaci. Daga nan duniya ta sake. Gonaki ne hagu da dama, injinan ban ruwa na ta tuf-tuf-tuf, ƙamshin ɗanyar ciyawar da aka yanka wa tumaki na dukan hanci, tantabaru na tashi daga kan dabinai. Akwai wani mai gona da ya fito da bututun ruwa waje ta cikin shingensa, ya ɗaure gwangwani da waya don masu wucewa, ban taɓa ganin fuskarsa ba amma har yau ina sa shi a addu'a. Bayan gonaki sai baƙin fili mai duwatsu masu kaifi, a ƙarshensa kuma kassara, kamfanin niƙa dutse, wanda tun daga nesa ake jin rurinsa, farar ƙurarsa na tsaye a sama. Na koma wurin sau ɗaya shekarun baya a motar surukina. Ƙarafan sun yi tsatsa, iska na kuka a cikinsu, rabin dabinan sun bushe a tsaye, bututun nan ma wani ya cire ya tafi da shi. Ban yarda na sauka daga motar ba.

A kan wannan hanya Kawu ya koya mini keke, ya kuma koya mini abin da ya fi keke. Yakan ce, "Tsakuwa ba a yi mata gardama, lallaɓa ta ake yi. Sassauta hannunka, keken ya fi ka sanin inda zai bi." Kafin mu shiga baƙin fili sai ya sauka ya rage wa taya iska kaɗan, wai taya mai taurin kai ita dutse ke fasawa. Hanyar tana da dokokinta da ba wanda ya rubuta. Ba ka wuce mutumin da tayarsa ta sace, ko da mudir, wato shugaban wurin aiki, na jiranka da agogo a hannu. Ba ka shan ruwan bututu ka bar gwangwani a ƙasa. In kun haɗu da wani, ƙarami ne ke fara kaɗa ƙararrawa. Sannan kowa ya san sawun keken kowa. Tsakanin tsakuwar akwai wuraren da rairayi ya kwanta, nan muke karanta labari kamar wasiƙa: wane ya wuce da kaya, wane ya makara yana sauri, wane bai fito ba yau, a leƙa shi ko lafiya. Tayar baya ta keken Kawu ta taɓa tsagewa, ya ɗinke ta da zaren buhu, saboda haka duk juyi ɗaya sai ta bar tambari kamar ƙwallon dabino. Ko makaho ya shafa ya san Kawu ne. Yaran yanzu in suna neman mutum waya suke dannawa, mu ƙasa muke dubawa, kuma ba ta taɓa yi mana ƙarya ba.

Ana nan sai aka shimfiɗa kwalta, wadda mu mutanen Nijar ke ce wa gudron. Ta yi zagaye ta wani gefen, ta bi kusa da kassara, santsi kamar tafin hannu. Matasanmu suka koma kanta. Kawu kuwa ko kallonta ba ya yi. Ya taɓa ganin tifa ta bi ta kan wani ɗan Tawa a kanta, tun ranar ya ce, "Gudron ta masu mota ce. Ni da ita sai dai a ɗauke ni a kai." Kowa ya san wannan magana tasa, har tsokanarsa ake yi da ita.

Ni a lokacin ido ya buɗe. Na iya Larabcin kasuwa, na bar gona na koma kassara ina shafa wa injin mai, har mudir ya san sunana. Da wani Bature ma'aikacin kamfanin zai koma ƙasarsu sai na sayi kekensa, ja, marar nauyi, tayarsa siririya kamar ɗan yatsa, hannunsa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Ran Juma'a na hau shi na zo ɗaki ana shan shayi mai kumfa da gyaɗa a ciki, na jingine shi inda kowa zai gani. Aka yi ta yabo. Kawu ya dube shi ya dube ni, ya ce, "Wannan ai ba na mai nema ba ne, ɗana. Tsakuwa ɗaya ta ishe shi. Kuma ina so ka bar kassarar nan. Ƙurar dutse in ta shiga ƙirji ba ta fita, ni na yi shekara biyu a can, ka ji abin da ta bar mini. Uwarka ba ta ba ni kai don in mayar mata da mai tari ba." Wani ya yi 'yar dariya, dariyar nan ce ta hau mini kai. Na ce, a gaban duk 'yan ɗakin, "Kawu, nan fa ba gida ba ne, Libiya ce. Kowa ƙafarsa ta kawo shi." Ni da aka yi wata biyar ana ɗauka a kariya, ni ke faɗin haka. Kawu ya ajiye kofinsa bai shanye ba, ya ce, "Haka ne." Magana zarar bunu ce. A ranar na kwashe tabarmata na koma kwana a sansanin kassara, muka yi wata bakwai ko gaisuwa ba ta haɗa mu ba.

Akwai wata al'ada tamu ta masu ci-rani da ban san ko tana nan ba. Duk wanda zai koma gida, kafin ya hau mota sai an yafi juna. Sahara ba a shigarta da haƙƙin wani a wuya, don ba kowa ke fita ba, mai zama ma bai san nasa ba. Kuma yafiya baki da baki ake yinta, hannu cikin hannu, ba a aikawa da ita. In tsakanin babba da yaro ne, yaron ne ke tashi ya je. Ran Laraba wani direban tifa ya gaya mini tarin Kawu ya tsananta, zai bi motar Agadas ran Juma'a bayan la'asar. Da na tashi a ranar, ko ran Alhamis, da yanzu ba ni da labarin bayarwa. Amma na tsaya ina tsara kalmomin da zan faɗa waɗanda ba za su zubar mini da girma ba, ni da ban da girman. Sai Juma'a da hantsi na hau jan kekena na bi kwalta, ina gudu iska na busa mini riga.

Na sami Alhaji shi kaɗai a ɗaki yana ɗaure kayan Kawu da igiya. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Kai kuma daga ina? Ba ku haɗu ba?"

Na ce, "Da wa, Alhaji?"

"Da kawunka mana. Tun asuba ya ɗauki kekensa ya tafi wurinka. Na ce masa wannan ba tsari ba ne, yaro ke zuwa. Ya ce ya jira Laraba, ya jira Alhamis, shi ba zai je ya dubi idon yayarsa da wannan abu a tsakaninku ba."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa fuskata. Mutum mai tari, a ranar tafiyarsa, ya tuƙa keke sa'a uku saboda ni. Na juya zan fita, Alhaji ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Zauna, yaro. In an yi saɓani wanda ya zauna ake samu. Kayansa na nan, dole nan zai dawo." Gaskiya ya faɗa, kowane mai hankali zai ga haka. Amma ni abin da nake gani daban ne: Kawu ya dawo a gajiye ya same ni zaune a inuwa ina jiransa kamar wani hakimi, a ce shi ya je ya dawo ni ban taka ko'ina ba. Na ce, "Alhaji, hanyarsa ɗaya ce, ba ya bin gudron. In na bi tsakuwa dole mu yi kiciɓis. Gara ya gan ni a hanya." Na fizge hannuna na fita.

Ina wuce filin bulo na ga sawunsa a rairayin farko, ƙwallon dabinon nan a jere, ya nufi gabas. Sawu ɗaya ne, na tafiya, babu na dawowa. Zuciyata ta yi sanyi, na ce yana gabana. Duk inda rairayi ya kwanta sai na sunkuya na duba, sawu ɗaya dai. A wajen bututu na ga inda ya sauka, ya jingine keken, ya zauna a ƙasa, har da gurbin da ya dafa hannu ya tashi. Kawun da na sani a tsaye yake shan ruwa ya wuce. Kafin in fita daga gonaki tayar gaba ta fashe. Na yi faci, na hau, ban yi nisa a baƙin fili ba ta baya ma ta tafi, wannan karon har da tsagewa. Na duba gaba na duba baya, babu kowa, duk masu keken da za su tsaya mini sun tafi masallacin Juma'a. Injinan ban ruwa ma an kashe. Ban taɓa jin hanyar nan shiru haka ba. A nan ya kamata in yi tunani, amma sawun na gabana yana ce mini bai dawo ba, ni kuma an koya mini ƙasa ba ta ƙarya. Na saɓa keken a kafaɗa na ci gaba da ƙafa, rana a tsakar ka, ina ta hangen inda dogon mutum zai ɓullo a kan baƙin keke. Har na shirya abin da zan yi, zan yar da keken in durƙusa a kan tsakuwar in kama ƙafarsa. Kalmomin da na kwana biyu ina tsarawa duk sun zube, saura "Kawu ka yafe mini" kawai.

Azahar ta daɗe da wucewa na isa kassara. Mai gadi, wani Buzu da ke jin Hausa sama-sama, yana zaune a gindin tankin ruwa. Na ce ina baƙona? Ya ce, "Tsoho ya zo, kai ka tafi kaɗan. Ya zauna nan, ya yi tari da yawa, na ba shi ruwa. Ya ce yaro wace hanya ya bi? Na ce gudron. Ya tashi ya sa iska a taya, ya bi gudron."

Na ce, "Gudron? Kawu?"

Ya ce, "Da idona."

Na zauna a ƙasa. Abin da bai taɓa zuwa mini a rai ba ke nan, cewa mutumin da ya yi shekaru yana ƙin hanyar nan zai hau ta don ya cim mini. Sawun bai yi ƙarya ba, ni ne ban san kawuna ba. Ran Juma'a babu tifa ko ɗaya. Na roƙi mai gadin ya ara mini nasa keken, wani ragwajajje mai feda ɗaya da rabi, na hau kwalta ina tuƙawa kamar mahaukaci. Ina hanya na ga inuwata ta yi tsawo, na san la'asar ta yi, ban daina tuƙawa ba.

Da na isa inda manyan motoci ke lodi rana ta yi ja. Filin babu komai sai ɓawon kankana da sawun manyan tayoyi da suka nufi kudu. Alhaji na tsaye shi kaɗai da carbinsa, ya san zan zo. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce Kawu ya dawo ana shirin tafiya masallaci, da ya ji na bi tsakuwa sai ya nemi ya sake juyawa, su suka riƙe shi, don ko tsayuwa ba ya iya yi sosai. Shi ne na ƙarshe da ya hau mota, sai da direba ya yi ta zage-zage. Yana bisa kaya yana ta duban hanyar gabas.

Na ce, "Bai bar mini saƙo ba?"

Alhaji ya ce, "Na tambaye shi. Ya ce wannan magana ba ta aike ba ce, sai kun haɗu."

Na yi niyyar bin motar gaba, Allah ya sani. Amma aka ce mudir zai ba wani wurina, na ce bari a yi sallah. Sallah ta wuce na ce bari sanyi ya fita. Sau biyu ina ɗaukar magana a kaset don in aika masa, sau biyu ina gogewa, don na san ba haka ake yi ba. Aiki na gudu, aljihu da nauyi, shekara ta zama uku. Kullum gani nake Kawu na nan zaune a ƙofar gida yana jirana, kamar mutuwa ma za ta jira in gama abin da nake yi. A shekara ta uku wani ɗan garinmu ya sauka daga mota ya yi mini gaisuwar rashinsa, yana zaton na riga na ji.

Sai a lokacin na tafi gida, da akwatuna da rediyo da bargo, kayan da ba wanda ya tambaye ni. Bayan an watse daga yi mini barka da zuwa, Inna ta kira ni ɗakinta. Ta tsufa, idonta ya fara rauni. Na zauna a bakin tabarma na sunkuyar da kai, na san Kawu ya gaya mata komai, na shirya karɓar abin da ya dace da ni. Sai ta lalubo kaina ta dafa. Ta ce, "Kawunka ya ba ni labarinka. Ya ce tun da kuka je ba ka taɓa ɗaga masa murya ba. Ya ce ranar da zai taho, wuni ka yi a kan hanya saboda shi, ko abinci ba ka ci ba. Har ya koma ga Allah yana faɗin na ba shi amana ta zame masa ɗa. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka yadda ka yi masa."

Na buɗe baki in gaya mata gaskiya. Na dubi fuskarta, na ga shi kaɗai ne abin da ya rage mata na ɗan'uwanta, wannan labari. Ta ce, "Ba ka ce amin ba."

Na ce amin. Yau ina da 'ya'ya da jikoki, kuma duk ranar da ɗayansu ya ɗaga mini murya, ba na iya ce masa komai.